Tsohon Soja da Raunin da Ba Ya Ganuwa: Tarihin Fansho da Ɗaukaka Ƙara a Kudancin Ƙasar Kano

1. Gabatarwa

Tarihin yaƙi, kamar yadda aka saba rubuta shi, yakan tsaya ne ranar da aka ajiye bindiga. Amma ga waɗansu daga cikin waɗanda suka yi yaƙin, ranar nan ce mafarin wata wahala dabam. Wannan maƙala ta shafi tsohon sojan da ya komo gida da hannuwansa da ƙafafunsa cikakku, amma hankalinsa ya taɓu, har ciwon ya tsare shi a ɗaka, ba gona, ba kasuwa, ba zaman zaure. Tambayoyin da za a bi uku ne. Wane hakki doka ta ba irin wannan mutum? In an hana shi, ina zai kai kuka? Me ya sa kukan nasa ya fi na gurgu da makaho wuyar shiga kunnen hukuma?

An ɗauki kudancin ƙasar Kano, watau Yako da ƙasashen Ƙiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, don su zama ma'auni, gama nisansu da birni shi ke fito da matsalar fili. Sa'an nan za a kwatanta da abin da ya gudana a Ingila, da ƙasashen da Faransa ta mallaka, da Amurka.

2. Tafiya da komowa

A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, Nijeriya ta ba da soja fiye da 100,000. Da yawa daga cikinsu mutanen Arewa ne, Hausa kuwa ita ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba dole ya koye ta. Ɗaukar soja ta bi hanyar da haraji ke bi: daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. A zamanin nan Abdullahi Bayero ne Sarkin Kano, shi da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A tsakanin 1942 da 1944 kuma aka yi ɗiban mutane na tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, saboda haka ƙauyukan Arewa sun ba da ƙarfinsu ta hanya biyu.

Da fari sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha cikin 1941. Bayan haka aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga nan Bama, don su kara da Japan. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan layin abokan gaba cikin 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna da Myohaung a Ikko suna tuna wannan tafiya.

Yaƙin Bama yaƙin ƙurmi ne. Mutum ba ya ganin maƙiyinsa sai ya faɗo masa da dare. Ga ruwan sama na wata da watanni, ga zazzaɓi da atuni, ga kaya a ka, gama dubban sojan Afirka aikinsu dako ne a inda mota ba ta shiga. Likitocin zamanin yanzu sun tabbatar cewa irin wannan zama, na tsoro mai tsawo da rashin barci, yana daga cikin manyan abubuwan da ke raunata hankali.

Yawancin sojan sun komo a cikin 1946. An yi musu maraba, har Malam Sa'adu Zungur ya tsara waƙarsa ta Maraba da Soja. Gwamnati ta riga ta yi doka a 1945 don a riƙa ɗaukar tsofaffin soja aiki, aka kuma kafa ƙungiyar kula da jin daɗinsu a 1946. Amma duk wannan shiri an yi shi ne don mai iya fita ya nemi aiki. Wanda ya shiga ɗaka ya ja ƙyaure, ba a yi shirin da shi ba.

3. Yadda ake auna rauni

Tsarin fanshon rauni da aka yi aiki da shi a ƙasashen da Ingila ta mallaka ya samo asali ne daga na Ingila kanta, sai dai kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai. Ginshiƙansa biyu ne. Na fari, sai kwamitin likitoci ya yarda cewa aikin soja ne ya jawo ciwon, ko kuwa shi ya tsananta shi. Na biyu, sai a auna naƙasar da lissafin kashi bisa ɗari, a biya gwargwadon haka. Yankakkiyar ƙafa tana da ma'auninta a rubuce, haka ido, haka yatsa. Firgita cikin dare ba ta da tabo, ba ta da awo.

Ko a Ingila an daɗe ana gardama a kan wannan. A Yaƙin Duniya na Farko an lissafta kimanin mutum 80,000 na sojan Ingila da suka kamu da ciwon da aka sa wa suna mai ma'anar "girgizar harsashin igwa". Kwamitin bincike na Ofishin Yaƙi ya ba da rahoto a 1922, ya karkata ga cewa raunin hali da rashin horo su ne tushen abin. A 1939, yaƙi na biyu na ƙaratowa, wani taron likitoci a ƙarƙashin Lord Horder ya ba da shawara a daina amfani da sunan, a kuma ƙuntata biyan fansho a kansa, wai kada biya ya zama kwaɗayi ga mai son gudun yaƙi.

To, sai aka ɗora wa baƙar fata wani nauyi a kan wannan. Likitocin mulkin mallaka da dama sun ɗauka cewa tunanin mutumin Afirka bai kai zurfin da baƙin ciki zai kama shi ba. Littafin J. C. Carothers na 1953, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga, shi ya fi shahara wajen yaɗa irin wannan ra'ayi, wanda ilimi ya riga ya rushe. Wanda ya yi imani da haka, in aka kawo masa sojan da ya daina magana, abin da zai fi saurin rubutawa shi ne gado ne, ko kuwa ƙarya ce. Ko wanne aka rubuta, fansho ya faɗi.

Bambancin bai tsaya ga masu ciwo ba. Takardun da aka fito da su a 2019 sun nuna cewa a Afirka ta Gabas, ladan sallama na farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata na aiki, na baƙar fata mai igiya ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi.

Duk da haka hukuma ta san ciwon yana nan. A 1944 aka karɓi wani tsohon gidan yari a Lantoro, cikin Abeokuta, aka mai da shi wurin ajiye sojan da aka komo da su da taɓin hankali. Daga wannan tushe asibitin Aro ya tsiro, inda Dokta T. Adeoye Lambo ya kama aiki a 1954, ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan kewaye. A Arewa kuwa abin da ke akwai a lokacin shi ne gidajen mahaukata na En'e, waɗanda aikinsu tsarewa ne fiye da magani, bisa dokar mahaukata ta 1916.

4. Matsalar suna

Wannan wuri ne da ilimin harshe ke da abin faɗa wa ilimin tarihi. Kalmar "naƙasa" daga Larabci take, ma'anarta tawaya. A al'adar birnin Kano naƙasassu jama'a ce sananniya mai shugabanci: akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu. Kowannensu yana da bakin magana a gaban hukuma. Masu ciwon hankali ba su cikin wannan jeri, ba su da mai tsaya musu.

Kalmomin da Hausa ke da su a wannan fage ba kaɗan ba ne. Akwai "hauka", wadda ke kawo hoton mai yawo a bola yana jifa. Akwai "zautuwa" da "ɗimuwa", masu nuna ruɗewar tunani. Akwai "razana" da "firgita", masu nuna tsoro na farat ɗaya. Akwai "ɓacin zuciya". Sa'an nan akwai "taɓuwa", wadda ta fi duka ban sha'awa ga mai nazari. In aka ce mutum "ya taɓu", ginin aikatau ɗin yana nuna abin da ya auka masa, ba abin da ya aikata ba. Akwai mai taɓawa a ɓoye, wanda jama'a sukan ce iska ce ko aljani. Watau harshen kansa ya ɗauki ciwon a kan abin da ya zo daga waje, a wani lokaci, a wani wuri.

A lura da abin da wannan ke nufi a gaban kwamitin likitoci. In ɗan'uwan soja ya ce, "Lafiya lau ya tafi, a dajin Bama aka taɓa shi," ya ba da shaida a kan abu biyu da doka ke nema: lafiyarsa kafin tafiya, da wurin da ciwon ya soma. Amma in tafinta ya juya maganar ya ce aljanu suka kama shi, likita zai ji camfi, ya ajiye alƙalami. Shaida mai ƙarfi ta lalace a tsakanin baki da takarda.

A ɗaya ɓangaren kuma, kalmar da hukuma za ta fi ganewa, watau "hauka", ita ce wadda dangi ba za su yarda su furta ba. Gidan da aka ce akwai hauka a cikinsa, aurar da 'ya'yansa yakan yi wuya. Ga kuma tsoron kada a ɗauke mutum a kai shi gidan mahaukata a sa masa mari. Saboda haka sai a rufa asiri, a nemi malami ya yi rubutun sha da tofi, ko a je wa masu bori da masu saiwa. Ciwon yana da magani a gari, amma ba shi da suna a ofis.

Akwai wani abu kuma. A ƙasar Hausa cikin gida na mata ne, kalmar "kulle" ma a kansu ake faɗinta. Wurin namiji shi ne gona, kasuwa, masallaci da dandali. Magidancin da ya kasa ƙetare zauren gidansa ya yi asarar sana'a, ya kuma yi asarar matsayinsa a cikin maza. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza. Noma ya koma wuyan ƙannensa, ci da sha ya koma kan sana'ar matarsa. Wannan asara ce da babu gurbinta a takardar awon naƙasa.

5. Hanyar kai kuka

A ɗauki misalin tsohon soja mazaunin Yako a shekarun bayan yaƙi, wanda aka sallama ba tare da fanshon rauni ba. Hanyar da ke buɗe gare shi ita ce takardar koke. Sai ya nemi mai rubuta wasiƙa da Turanci, ya biya shi. Sai ya kawo takardar sallamarsa da lambarsa ta soja, in gara da gobara sun bar su. Sai maganar ta bi ta hannun dagaci da hakimi zuwa ofishin Di'o da Razdan a Kano, daga nan ta wuce ga hukumomin soja da na baitulmali. In an yi sa'a aka kira shi, sai ya zo birni da ƙafarsa ya tsaya gaban likita.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana bukatar abin da ciwon ya ƙwace. Mutumin da ƙarar jirgin ƙasa ke sa shi ya faɗi ƙasa yana kakkarwa, shi ake ce wa ya hau jirgi zuwa Kano. Mutumin da ba ya iya shiga taron mutum goma, shi ake ce wa ya bi layi a asibiti. In bai zo ba, a rubuta cewa ya bar maganarsa. In kuwa 'yan'uwa suka lallaɓa suka kawo shi, zuwan nasa ya zama hujja cewa lafiyarsa ƙalau. Mutumin Tudun Wada ko na Riruwai a ƙasar Doguwa, bayan dajin Falgore, nasa nisan ya fi haka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanci tsakanin koke da ɗaukaka ƙara. Mai koke roƙo yake yi, wanda ya hana shi kuwa shi ne zai sake dubawa, in ya ga dama. Mai ɗaukaka ƙara yana da hakki a kai maganarsa gaban wani dabam wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba. Bahaushe ya san wannan tun kafin Turawa, gama daga alƙalin gunduma akan tafi ga Alƙalin Alƙalai, daga nan zuwa majalisar Sarki. Fiƙihun Malikiyya kuma ya tanadi waliyyi mai tsaya wa wanda hankalinsa ya gushe a kan dukiyarsa da hakkokinsa, ya kuma karɓi shaidar adilai daga cikin jama'a. A Ingila an kafa kotunan ɗaukaka ƙarar fansho tun 1919, aka sabunta su da doka a 1943, a shekarar kuma aka ɗauke wa soja nauyin kawo hujja aka ɗora wa ma'aikatar fansho, in ya nema a cikin wa'adi. Sojan da ya kwana rami ɗaya da Bature a Kaladan ya komo ya tarar da tsarin da bai kai na Ingila ba, bai kuma kai na kotun alƙalin garinsu ba.

Inda kukan ɗaiɗaiku ya kasa, kukan taro ya fito. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja a Ankara suka yi maci don su kai takardar kokensu ga Gwamna, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta samun mulkin kan Ghana. Amma maci na masu iya fita ne. Na ɗaka ba ya cikinsa.

6. Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Hausawan Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa soja sun gamu da tasu ƙaddara. A ranar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojan Afirka da ke neman bashin albashinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar. A 1959 kuma Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da ke samun mulkin kai, ya tsaya cik yayin da na Faransawa ke hauhawa. Abin da ya warware wannan shi ne ƙara. A 1989 Kwamitin Hakkin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsofaffin sojan Senegal gaskiya. A 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta yanke hukunci a shari'ar Amadou Diop cewa bambancin haramun ne. Sai a 2007 aka daidaita fanshon rauni, aka ƙarasa sauran a 2011, bayan yawancin masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya.

A Amurka ne aka fi fayyace maganar wanda ciwo ya tsare a gida. A 1980 ƙungiyar likitocin hankali ta ƙasar ta shigar da ciwon firgitar bayan masifa, wanda ake taƙaitawa PTSD, cikin kundinta, bayan gwagwarmayar tsofaffin sojan Biyetnam. Dokar ƙasar ta tanadi ƙarin kuɗi na musamman ga tsohon sojan da ke da naƙasa guda da aka auna kashi 100, in yana da wata dabam da ta kai kashi 60, ko kuwa in naƙasar ta tsare shi a gidansa tsarewa ta dindindin. Ciwon hankali yana iya zama dalili, kamar ciwon jiki.

Wanda aka hana yana da shekara ɗaya ya nemi a sake dubawa. Tun 2019 hanyoyin uku ne: ko babban jami'i ya sake karanta fayil ɗin yadda yake, ko a shigar da sabuwar hujja, ko a tafi gaban hukumar ɗaukaka ƙara wadda aka kafa tun 1933. Bayanta akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988, wadda ake kai wa ƙara cikin kwana 120. Ana karɓar rubutacciyar shaidar mata da 'ya'ya da maƙwabta a kan zaman mutum na yau da kullum. In hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba soja rinjaye. A 2006, a shari'ar Howell, kotun nan ta bayyana cewa fita zuwa asibiti kaɗai ba ta isa ta zama hujjar cewa mutum ba tsararre ba ne, gama abin da doka ke nufi shi ne kasa fita neman abinci. Wannan hukunci ya kwance ƙullin nan da ya shaƙe mutumin Yako, wanda zuwansa da rashin zuwansa duk suka zama hujja a kansa.

7. Kammalawa

Mazan jiya na Bama sun kusa ƙarewa, amma tambayar ba ta ƙare ba. Nijeriya ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta tura soja Laberiya tun daga 1990 da Saliyo bayan haka, ta kuma shiga yaƙi da Boko Haram tun 2009. 'Ya'yan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada suna cikin kowanne. An kafa Ƙungiyar Mazan Jiya ta Nijeriya da doka a 1964, akwai Hukumar Fanshon Soja, akwai asibitocin hankali a Dawanau, Kaduna da Kware. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata da aka gada daga Turawa.

Tarihin da aka bi a sama ya nuna sharuɗɗa huɗu da in babu su hakki yakan tsaya a takarda: ciwon ya sami suna da hukuma ta sani wanda dangi ba sa jin kunyar faɗa; a karɓi shaidar waɗanda ke kwana da tashi da mai ciwon, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; a yarda waliyyi ya tsaya masa, likita kuma ya je inda yake; a ƙarshe, wanda zai saurari ƙara ya zama dabam da wanda ya hana.

Biyu daga cikin waɗannan sun rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Na ɗaya, daidaita kalmomi, don a rarrabe razana da ɗimuwa da hauka a bakin tafinta da malamin asibiti. Na biyu, tattara labari. Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga kowace gunduma. A gidaje da yawa har yanzu akwai lambar girma a cikin adaka, akwai kuma tsohuwar da ta san dalilin da ya sa kakan gidan bai ƙara zuwa kasuwa ba tun da ya komo. In ɗalibi ya zauna da ita, ya rubuta maganarta da kalmominta, tare da izinin gidan da kiyaye sirrinsa, zai cike gurbin da fayilolin Gwamnati suka bari.